Sharhi: Darasin Lissafi ta Wayar Salula da Makomar Ɗaliban Dutsin-Ma da Kurfi

Idan jama'a za su iya tunawa, a cikin watan Oktoba na shekarar 2025 ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Dakta Tunji Alausa, ta ba da sanarwar cewa samun kiredit a darasin lissafi ya fita daga cikin sharuɗɗan shiga jami'a ga ɗaliban da za su karanta fannonin adabi, harsuna, tarihi da makamantansu. Nan da nan labarin ya karaɗe gari, har wasu yara suka ɗauka cewa an raba su da lissafi ke nan. Bayan 'yan kwanaki sai ma'aikatar ta sake fitowa ta yi ƙarin haske, inda ta bayyana cewa har gobe wajibi ne kowane ɗalibin sakandare ya yi rajistar lissafi da Ingilishi, ya kuma zauna jarrabawarsu. Ga mai son karatun likita, injiniya, aikin gona, kwamfuta, akanta ko tattalin arziki kuwa, babu abin da ya sauya: muddin babu kiredit a lissafi, ƙofar jami'a a rufe take.

Alƙaluman hukumar shirya jarrabawa ta WAEC sun nuna cewa a shekarar 2024, kashi 72.12 cikin ɗari na ɗaliban da suka zauna jarrabawar kammala sakandare ne suka samu kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi da lissafi. A shekarar 2025, ko bayan da hukumar ta gyara kuskuren da ta gano a wajen makin takardu, adadin ya tsaya ne a kashi 62.96. Ma'ana, cikin kowane yara goma, kusan huɗu sun fito ba su da takardar da za ta shigar da su jami'a. Wannan kuwa ƙididdiga ce ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta haɗa da manyan makarantun kuɗi na Legas da Abuja. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan uban da ke Karofi ko Birchi, wanda ya sayar da buhun masara ko ɗan akuya ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta, ya shiga neman wata hanya ta daban da za ta tallafa wa yaron.

A halin da ake ciki, hanyar da ake ta tallata wa iyaye ita ce lesin ta waya. A WhatsApp da Facebook ana yawan ganin sanarwar masu cewa za su koyar da lissafin WAEC, NECO da JAMB, ko lissafin shekarar farko ta jami'a, ba tare da yaro ya bar gidansu ba. Mun ga ya dace mu tsaya mu dubi wannan al'amari da idon basira, musamman dangane da ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, kasancewar a nan ne ake da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, a nan ne kuma jama'a suka taɓa ɗanɗana rayuwa ba tare da layin waya ba.

Da farko, ya kamata a gane cewa abubuwa daban-daban ne ake kira da suna ɗaya. Akwai malami mai rai da ke magana da ɗalibi kai tsaye, ta kiran bidiyo ko na murya, yana ganin aikin yaro yana gyara masa. Akwai darussan da aka ɗauka a bidiyo aka ajiye, ɗalibi ya kalla lokacin da ya ga dama, irin na kamfanin uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019, ko shafin Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da haɗin gwiwar UNICEF da Microsoft. Sai kuma na baya-bayan nan, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda za a ɗauki hoton tambaya a tura musu su kawo amsa cikin daƙiƙa. Abin lura shi ne, shahararren shafin nan na Khan Academy ma daga malami ɗaya da ɗaliba ɗaya ya faro: a 2004 Salman Khan, yana zaune a Amurka, ya fara koya wa wata 'yar uwarsa lissafi ta wayar tarho da intanet, daga baya ne bidiyo ya shigo.

Dalilin da ya sa lissafi ya fi sauran darussa buƙatar malami na musamman yana cikin yanayin darasin kansa. Lissafi gini ne, kowane layin bulo a kan na ƙasansa yake zaune. Ɗalibin da ya rasa darasin tarihi na mako biyu zai iya shiga na mako na uku ya fahimta. Amma wanda bai riƙe jadawalin sau ba tun yana aji huɗu na firamare, ko wanda ya wuce ƙaramar sakandare bai san yadda ake tara rabi da sulusi ba, to duk abin da za a ɗora masa a babbar sakandare a kan rairayi aka ɗora shi. Malaman lissafi sun san wannan sarai: a ba ɗan aji shida 1/2 a tara da 1/3, sai ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 2/5, alhali amsar ita ce 5/6. Yaron da ya rubuta 2/5 bai lura cewa amsar tasa ba ta ma kai rabin da ya fara da shi ba. Irin wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, wani tsani ne ya tsallake shekaru biyar da suka wuce, kuma malamin da ke gaban aji mai cike da ɗalibai, yana tseren kammala manhaja kafin ƙarshen zango, ba shi da sukunin komawa da shi baya. Haka matsalar ke bin yaro har jami'a, inda za a haɗa ɗaruruwan sababbin ɗalibai a zaure ɗaya a fara musu aljabara da kalkulas, wasu su faɗi kwas ɗin su yi ta maimaita shi, har ya ja musu ƙarin shekara da ƙarin kuɗin haya da na abinci a kan iyayensu.

A nan ya kamata mu ɗan ratse mu yi magana kan wata fahimta da ke yawo, cewa wai lissafi ilimin wasu ne, ba namu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwar Dutsin-Ma, ya ga yadda dillali ke haɗa kuɗin shanu bakwai ya cire la'adarsa a ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa, ya san wannan magana ba ta da tushe. Malamanmu na rabon gado kuwa kullum cikin lissafin rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi suke, wato ainihin abin da ke kayar da yara a jarrabawa. Littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda daga sunansa kalmar aljabara ta samo asali, babban ɓangarensa a kan matsalolin gado da wasiyya ne. Haka kuma ƙasar Katsina ce ta haifi Malam Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu a 1732 kan ƙa'idojin tsara hatimi, inda lambobi ke ba da jimilla ɗaya ta kowace fuska, ya kuma rasu a birnin Alƙahira a 1741. Har yau masu nazarin tarihin lissafi a Afirka suna ambaton sunansa.

To, shin koyarwa daga nesa tana aiki? Annobar korona ta 2020, wadda ta rufe makarantun ƙasar nan tun daga watan Maris na shekarar, ta ba masu bincike damar gwadawa, kuma akwai sakamako guda biyu da suka cancanci jami'an ilimi na yankinmu su san da su.

Na farko daga ƙasar Botswana ne. Wata ƙungiya mai suna Young 1ove, tare da masana irin su Noam Angrist, ta yi gwaji da gidaje kimanin 4,500 masu yara 'yan firamare. Wasu gidajen an riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes kawai sau ɗaya a mako. Wasu kuma, baya ga saƙon, malami kan kira wayar gidan ya yi minti 15 zuwa 20 yana bin tambayoyin tare da yaron, uwa ko uba na saurare. Babu intanet, babu bidiyo, ƙaramar waya mai madannai ta wadatar. Da aka auna, sai aka tarar saƙon tes shi kaɗai bai haifar da wani abin a zo a gani ba, amma inda aka haɗa da kiran malami, yawan yaran da ba su iya tarawa, ɗebewa, ninkawa ko rabawa ba ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga baya an maimaita irin wannan gwaji a Indiya, Kenya, Nepal, Filifin da Yuganda, aka kuma ga amfaninsa.

Na biyu daga Italiya ne, kuma shi ya fi kama da halin da muke ciki. Wasu malaman jami'a biyu, Michela Carlana da Eliana La Ferrara, sun haɗa ɗaliban jami'a 'yan sa-kai da yaran ƙaramar sakandare marasa galihu, kowane ɗalibin jami'a da yaro ɗaya, suna haɗuwa ta intanet kamar awa uku a mako. Yara wajen dubu ne suka shiga binciken. Waɗanda suka samu mai koya musu sun fi takwarorinsu ƙoƙari a gwajin da aka yi, kuma 'ya'yan talakawa ne suka fi amfana. Masu koyarwar ba ƙwararrun malamai ba ne, ɗan taƙaitaccen horo aka ba su tare da masu sa ido.

Abin da waɗannan gwaje-gwaje suka haɗu a kai shi ne mutum: wani wanda ya san sunan yaro, ya san inda ya tsaya, zai kuma sake kiransa mako mai zuwa ya tambaye shi aikin da ya ba shi. Na'urar hanya ce kawai ta isar da shi. Wannan ne ya sa muke ganin iyaye su yi hattara da zaton cewa sayen babbar waya da zuba mata data ya kashe magana. Bidiyo mai kyau yana da amfani ga ɗalibin da tushensa ya yi ƙarfi, mai son maimaitawa, amma bidiyo ba ya ganin fuskar yaro, bai san lokacin da ya ɓace ba.

Batun ƙirƙirarriyar basira kuma ya fi buƙatar taka-tsantsan. Wasu masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania sun yi gwaji a wata makarantar sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan 1,000, suka fitar da sakamakonsa a 2024. Ɗaliban da aka bar su su yi amfani da manhajar yadda suke so wajen atisayen lissafi sun samu ƙarin maki da kashi 48 cikin ɗari a lokacin atisayen. Amma da aka karɓe manhajar aka yi musu jarrabawa, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake, amsa suka riƙa kwafa, ba hanya suka koya ba. Rukunin da aka saita musu manhajar ta riƙa ba su haske kaɗan-kaɗan maimakon cikakkiyar amsa, su ba su yi wannan asarar ba. Don haka uban da ya ga littafin ɗansa cike da maki goma bisa goma na aikin gida kada ya yi saurin murna, sai ya ajiye wayar a gefe ya ce yaron ya sake yin tambaya ɗaya a gabansa, yana bayani da baki. Ko uban bai yi boko ba, zai gane bambancin mai bayani da mai inda-inda.

Yanzu sai mu dawo gida. Duk wani shiri na koyarwa ta waya a wannan yanki dole ne ya yi la'akari da abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan domin daƙile 'yan bindiga, cikinsu har da Dutsin-Ma da Kurfi. Sai a watan Disamba na shekarar aka maido da layin a waɗannan garuruwa. Kusan zangon karatu guda ke nan, ɗaliban jami'a da 'yan kasuwa sai sun yi tafiya mai nisa kafin su kira gida ko su tura kuɗi. Da a ce karatun lissafin yaranmu gaba ɗaya a kan intanet ya rataya a wancan lokaci, da ya tsaya cak. A ɗaya ɓangaren kuma, matsalar tsaron ita ce ta fi nuna buƙatar koyarwa daga nesa. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, an rufe makarantun jihar nan na wani lokaci, haka kuma aka sake yi a Nuwamban 2025 a matsayin rigakafi bayan abin da ya faru a jihohin Kebbi da Neja. Sannan ba kowane uba ne zai yarda 'yarsa ta fita lesin bayan magariba ba, kuma yana da hujja. Ke nan ana buƙatar hanyar, amma wadda za ta iya jure ranar da sabis ya ɗauke: darussan da aka sauke aka ajiye a katin waya, da takardun atisaye da aka buga, da malamin da ke kusa wanda za a iya taka ƙafa a je wurinsa.

Sai batun aljihu. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kunna janareta domin cajin waya ya zama abin lissafi, wutar KEDCO kuwa kowa ya san yadda take a ƙauye. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Awa ɗaya ta kiran bidiyo takan cinye ɗaruruwan megabait, alhali hoton shafin littafi da saƙon murya na minti biyu ba sa cin ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. A gidaje da dama waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuma yana gona ko kasuwa har yamma. Idan damina ta faɗi yaron kansa yana gona, haka ma lokacin kaka. Kamfanin da ya tsara darasinsa domin yaron da ke unguwar masu hali a Abuja, mai kwamfutarsa shi kaɗai da wuta dare da rana, bai yi tunanin ɗan Wurma ko Makera ba. Idan aka bar abin ga kasuwa kaɗai, mai hali zai saya wa ɗansa malami, marar hali ya zuba ido, tazarar da ke tsakanin gari da ƙauye ta ƙara faɗi. 'Ya'ya mata su ne za su fi shan kashi, domin a yawancin gidaje namiji ake fara miƙa wa waya.

Sai dai Allah ya hore wa wannan yanki abin da ƙananan hukumomi da yawa ba su da shi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da ɗaliban lissafi, kimiyya da koyarwa. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai ɗauke da sunan Wazirin Katsina kuma tsohon ministan ilimi na Jihar Arewa, aikinta ke nan horar da malamai. Ga kuma masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa kowace shekara. Da yawa daga cikin waɗannan matasa suna neman ɗan abin da za su rage wa iyayensu nauyi, kuma yawancinsu suna jin Hausa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A Nuwamban 2025 gwamnatin tarayya ta soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, ta ce a koma Ingilishi. Ko me mutum ke gani game da wannan mataki, da Ingilishi ake rubuta jarrabawa, amma babu dokar da ta hana mai lesin ya warware wa yaro ma'anar tambaya da Hausa, ya kawo masa misali da mudu da tiya da kuɗin taki, sannan ya maido shi kan kalmomin da zai tarar a takarda. Sau da yawa yaro ya iya lissafin, Turancin tambayar ne ya ɗaure masa kai. Malamin da ke Legas ko Indiya ba zai iya yi masa wannan ba, komai ƙwarewarsa.

A ganinmu, abin da ya fi dacewa da Dutsin-Ma da Kurfi shi ne a haɗa darasin Botswana da na Italiya: ɗalibin jami'a ko na kwaleji ɗaya ya riƙe yara uku zuwa biyar na makaranta ɗaya, ya fara da gwada su domin sanin tsanin da kowa ya tsallake, ya riƙa kiransu sau biyu a mako a lokacin da aka yi yarjejeniya da iyaye, su kuma su turo hoton aikinsu idan akwai babbar waya a unguwa, ko su karanto masa idan babu. Sau ɗaya a wata a haɗu ido da ido a harabar makaranta da rana. Idan kuɗin malami ya yi wa gida ɗaya nauyi, gida biyar za su iya ɗauka. Kansilolin ilimi, ƙungiyoyin iyaye da malamai, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni na garuruwan nan za su iya ɗaukar kuɗin kati da ɗan alawus, wanda bai kai abin da ake kashewa a taron buɗe gini ɗaya ba. Hukumomin kwalejin ma za su iya duba yiwuwar lissafa irin wannan aiki cikin horon koyarwa na ɗalibansu.

Wannan fa ba zai maye gurbin malamin aji ba, kuma bai kamata wani jami'i ya fake da shi ba. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023 bayan yi musu jarrabawa, kuma aikin da ke kan ofisoshin ilimi na shiyya shi ne tabbatar da cewa masu koyar da lissafi daga cikinsu sun isa makarantun karkara, suna kuma shiga aji. Akwai wani haɗari da ya kamata shugabannin makarantu su sa wa ido: malamin gwamnati ya riƙa rage ƙoƙari da safe, sannan ya ce wa ɗalibansa duk mai son cikakken bayani ya biya ya shiga zaurensa na WhatsApp da dare. Babu laifi malami ya nemi halalinsa bayan tashi daga aiki, amma karɓar kuɗi daga yaran ajinsa a kan darasin da ake biyansa albashi dominsa cin amana ne. Hana lesin gaba ɗaya kuma ba mafita ba ce. Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980, sai ya koma ɓoye ya ƙara tsada, masu kuɗi kaɗai ke samu, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin a shekarar 2000.

Hakazalika, masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsoron faɗuwa jarrabawa babbar tsaga ce. Akwai masu buɗe zaure da sunan lesin, amma hajarsu ita ce alkawarin turo amsoshi a daren jarrabawa. Wasu sukan karɓi kuɗi su rufe layi, wasu su turo amsar bogi, idan ma ta gaske ce to yaro ya faɗa cikin laifin da dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi hukunci a kansa, baya ga riƙe sakamako ko soke shi. Duk wanda ya ce wa uba ya ba da tabbacin ɗansa zai ci A1, to ba malami ba ne. Malamin gaskiya zai fara da tambayar abin da yaro ya sani, zai yarda a biya shi wata-wata maimakon kuɗin shekara a dunƙule, ba zai ƙi a san makarantar da ya yi da wanda zai tsaya masa ba, kuma zai so uba ko uwa su ji abin da yake koyarwa. Game da 'ya'ya mata musamman, wajibi ne lambar uba, uwa ko yaya ta kasance ita ce ta darasi, a yi kiran a tsakar gida a buɗe murya, a kuma tsayar da lokaci. Malamin da ya fara kiran yarinya a wajen lokacin darasi, ko ya nemi hotonta maimakon hoton littafinta, a yanke hulɗa da shi nan take, a sanar da shugaban makaranta ko mai unguwa. Inda aka samu ɗalibai mata na jami'a ko kwaleji, su ya fi dacewa a haɗa da 'yan mata.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne jira sai jarrabawa ta ƙarato. Jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, takan zo ne wajen watan Afrilu, WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, sannan NECO. A watan Maris ne za ka ga iyaye na fafutukar neman mai lesin, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Giɓin shekara biyar ba ya cikewa cikin mako shida. Kuɗin da za a kashe wa ɗan aji shida a gurguje, da an kashe rabinsa a kansa tun yana aji ɗaya ko biyu na ƙaramar sakandare, da ya fi amfani nesa ba kusa ba. Haka ma ɗalibin da ya samu gurbi a jami'a, watannin da yake zaune a gida yana jiran a buɗe makaranta su ne lokacin gyara aljabararsa, kafin ya shiga zauren da ba wanda zai san sunansa.

Ba sai an jira wani babban shiri daga Abuja ko ƙasashen waje ba kafin a san ko wannan hanya za ta yi aiki a nan. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, tare da hakimai da dagatai, za su iya zaɓar makaranta biyu a kowace ƙaramar hukuma, ɗaya a gari ɗaya a ƙauye, a ce Dutsin-Ma da Shema, Kurfi da Rawayau. A farkon zango a ba 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare tambayoyi ashirin kan tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da kaso, a rubuta makin kowa. A haɗa rabinsu da masu koyarwa ta waya, a zaɓe su ta hanyar ƙuri'a domin kada a ce an yi son kai, sauran su jira zango na gaba. A ƙarshen zango a sake ba su irin tambayoyin, ba tare da waya a hannun kowa ba, sannan a karanta sakamakon ɓangarorin biyu, da adadin kuɗin da aka kashe a kan kowane yaro, a gaban taron iyaye da malamai.